Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ikilisiyoyin Arewa Mai Nisa: wa zai biya mai masauki?

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, bishof-bishof, shugabannin majalisun ikilisiya, fastoci, fada-fada da dattawa na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, na Katolika da na Furotesta baki ɗaya.

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya da ke yankin Mokolo, manomi mai ɗan taɓa cinikin albasa, ban taɓa zama a ajin tauhidi ba. Na rubuto da Hausa ne domin ita ce ta haɗa mu da 'yan'uwanmu da suka gudo daga Gwoza da Banki, kuma ina so su ma su ji abin da ake faɗa a kansu. Wanda bai ji ba a cikinku, akwai matasa da za su mayar masa da Faransanci ko Fulatanci. In bakina ya yi kaushi a wani wuri, ku yi wa ɗanku haƙuri.

Tun da masifar Boko Haram ta ƙetaro iyaka ta same mu, babu wa'azin da muka sha kamar na ƙauna. An karanta mana Yahaya sura 13, inda Ubangiji ya ce da ƙaunar da muke wa juna za a gane mu almajiransa ne. An karanta mana Matiyu sura 5, a kan ƙaunar magabta da yi wa masu tsananta mana addu'a. Korintiyawa ta fari sura 13 kuwa, har yaran makarantar Lahadi sun haddace ta. Ba ni da ja da ko ɗaya. Umarnin Ubangiji ne, kuma wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, manzo Yahaya bai yi masa kara ba, maƙaryaci ya kira shi. Kukan da na kawo gabanku daban ne. Idan an shafa addu'ar rufewa an watse, a wuyan wa nauyin wannan wa'azi yake sauka? Na daɗe ina lura, kuma kusan kullum a wuyan wanda ya fi kowa rauni yake sauka: manomin da rumbunsa ɗaya, gwauruwar da aka yanka mijinta a gabanta, yarinyar da ta dawo daga daji da goyo. Su ake cewa su karɓa, su yafe, su haƙura. Mu da muke tsayawa a gaba muna faɗa, sau da yawa bakinmu kaɗai ke aiki.

Ku sake duba Basamariyen nan na Luka sura 10. Mun saba tsayawa a inda tausayi ya kama shi, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa. Amma Ubangiji bai tsaya nan ba. Basamariyen ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, da gari ya waye ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya kuma ɗauki alkawarin duk abin da aka ƙara kashewa zai biya in ya komo. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ɗan ƙwadago, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi. Wato mutumin nan ya san jinya tana cin kuɗi, ya san mai masauki ma yana da iyali. Bai ajiye majinyaci a ƙofar wani ya ce masa ya nuna ƙauna, sannan ya hau jakinsa ya wuce ba. Iyayena, abin da muke yi ke nan shekara da shekaru. Muna kawo majinyaci, muna barinsa a hannun mai masauki, dinarin kuma shiru.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Daga 2014 zuwa yau, ƙauyukan bakin iyaka na Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava, daga Turu zuwa Moskota, daga Kerawa zuwa Amchide, wasu sun watse sau ɗaya, wasu sun watse sun dawo sun sake watsewa. Mafi yawan waɗanda suka gudu ba sansani suka shiga ba. Gidajen mutane suka shiga, a Koza, a Mozogo, a Mora, a nan Mokolo. Ikilisiya ta ce a buɗe ƙofa, aka buɗe, kuma da zuciya ɗaya. Mutum mai 'ya'ya bakwai ya karɓi iyali biyu, aka raba ɗaki, aka raba tukunya, aka yanka musu gefen gona a kan dutsen da dama bai ishi mai shi ba. Kowa ya ɗauka abin na wata uku ne. Ga shi an haura shekara goma. Dawar da ake sa rai za ta kai damina tana ƙarewa tun kafin ruwan fari. Matan gida biyu da ke girki a murhu ɗaya sun fara jifan juna da habaici. Mai gidan nan yana zuwa sujada ran Lahadi da cikinsa cike da haushin baƙonsa, yana kuma jin kunyar haushin, sai ya ji an hau mumbari ana cewa waɗansu sun sauki mala'iku ba da saninsu ba. Ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa zuwa gidansa ya leƙa rumbu ya tambaye shi saura tiya nawa. Wannan mutum ba marar ƙauna ba ne. Gajiya ce ta cinye shi, kuma mu muka bar shi shi kaɗai.

Haka batun Minawao, sansanin 'yan gudun hijirar da suka zo daga Najeriya. An buɗe sansanin a 2013, yau mutanen da ke ciki sun haura dubu 70, ya fi garuruwanmu da yawa girma. Mutanen nan dole su yi girki, girki kuma sai da itace. Cikin 'yan shekaru dajin da ke kewaye ya ƙare, matan sansani suka riƙa yin doguwar tafiya neman makamashi har cikin gonakin mutane, masu gona suka riƙa korarsu, wani lokaci da duka. Sau da yawa mai korar da wadda ake kora duk masu bi ne, waƙa ɗaya suke rerawa ran Lahadi. Ina yaba wa Tarayyar Lutheran ta Duniya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da suka dasa dubban itatuwa a wurin, suka kuma koya wa mata yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan hatsi. Ban ga wa'azin da ya rage faɗa tsakanin sansani da ƙauyuka kamar wannan gawayin ba. Abin da ke damuna shi ne, me ya hana mu fara tunanin haka da kanmu? Muna da Zumuntar Mata a kowace unguwa, muna da matasa marasa aiki, muna da filaye a bayan majami'u. Sai muka zauna muna jiran baƙi su zo da mota mai tambari.

Idan kayan agajin ya iso kuma, wata cutar take tashi, kuma wannan tamu ce, ba Boko Haram ta kawo mana ita ba. Wanda aka ba biro da takarda ya rubuta sunayen mabukata, daga danginsa yake farawa, sai 'yan ƙauyensu, sai masu jin yarensa, in takarda ta rage a tuna da sauran. Bamafe ya san nasa, Bakapsike ya san nasa, mutumin Giziga ya san nasa, wanda ya zo daga ƙetaren iyaka kuwa sai a ce ai su suna da hukuma. Sannan ga shingen ɗarika: buhun da ya zo ta hannun wannan ikilisiya haramun ne ya shiga gidan ɗan waccan. Ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar Urushalima tana cikin ƙuruciyarta, manzannin da suka ga Ubangiji da idonsu suna raye, amma aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Ku duba abin da manzanni suka yi. Ba su hau mumbari sun tsawata wa masu gunaguni ba, ba su ce a ƙara addu'a a yi shiru ba. Sun yarda akwai matsala, suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato aka miƙa ludayi ga ɓangaren da ke kuka. A cikinku wa ya taɓa ba ɗan gudun hijira riƙon takardar rabo? Ina roƙonku ku gwada. A bar wanda ake tsallakewa ya riƙe biro, a kuma karanta sunayen da ƙarfi a gaban jama'a kafin a kwance buhu ko ɗaya.

Yanzu na zo inda ya fi mini nauyi, batun gafara.

A daren 1 ga Agusta 2020, wayewar 2 ga wata, aka kai hari a wurin da 'yan gudun hijira ke kwana a Nguetchewe, aka kashe aƙalla mutum 17, har da yara. A garin nan ne aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nuwamba 2013. Mozogo ta ga nata a Janairu 2021. Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Waɗanda bai faɗa ba, mutum ɗaya a gona, mutum biyu a hanyar kasuwa, ɗan banga a bakin gari, ba su ƙirguwa. Na halarci jana'izar irin waɗannan, kuma na sha jin mai wa'azi, ƙasar kabari ba ta ko bushe ba, ya juya wajen matar mamaci ya ce dole ta yafe, in ba haka ba ita ma Allah ba zai yafe mata ba. Ayar tana nan, ba na musu. Amma abokan Ayuba, duk da kuskuren da suka tafka daga baya, kwana bakwai suka yi zaune tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa. Bulus ya ce mu yi kuka tare da masu kuka. Zabura cike take da kukan mutanen da ke tambayar Allah har yaushe, Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ba, amma ban taɓa jin an rera irinsu a majami'unmu ba. Mun fi son waƙar da ake tafi. Sai gwauruwar nan ta koyi cewa "na yafe" da baki don a ƙyale ta, ta koma gida da wutar a ciki, ta ƙara da tsoron cewa ita ce mai zunubi. An kashe mata miji, mu kuma mun ɗora mata laifi.

Ina ganin muna cuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe. Akwai sakin ramuwa, mutum ya bar wa Allah hukunci, ya daina neman jinin wanda ya cuce shi. Wannan wajibi ne a kan kowane mai bi, ko da zai ɗauke shi shekaru, kuma aikinmu mu raka shi har ya kai. Akwai amincewa, wadda ba a umartar mutum da ita, sai an gina ta. Akwai kuma gyaran ɓarna. Yusufu ya yi kuka a ɓoye tun ganin farko da ya yi wa 'yan'uwansa a Masar, amma bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su, ya ga Yahuza ya yarda ya zama bawa a maimakon Biliyaminu. Zakka na Yariko, da ceto ya shiga gidansa, bai tsaya ga cewa ya tuba ba. Ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Mu kuwa muna tsallake wannan duka, muna so a rungumi juna a gaban jama'a a ɗauki hoto.

Maganar ta zama ta gaggawa ne saboda 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya. A ƙarshen Nuwamba 2018 gwamnati ta kafa kwamitin kwance ɗamara da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a, da cibiya a Mora. Bayan mutuwar Shekau a Mayu 2021, mutane suka yi ta fitowa daga daji, maza da mata da yara, aka tara da yawa a Meri. Ba za su dawwama a can ba. Wasu sun riga sun dawo, suna cin kasuwa ɗaya da waɗanda suka ƙona wa gida. Na san yadda ake ji in an hango su, domin ni ma jikina yakan yi sanyi. Amma na kuma san da yawansu an kwashe su ne suna 'yan shekara goma sha, wasu talauci da alkawarin babur ya ja su, kuma wanda ya dawo ya tarar ba mai amsa masa sallama, ba mai ɗaukarsa ƙwadago, ba mai ba shi 'ya, ya san hanyar komawa daji. Wasu daga cikinmu suna cewa ai yawancinsu ba Kirista ba ne, matsalar limamai ce da lawanai. Basamariye bai tambayi mutumin da ke kwance a hanya addininsa ba, kuma in yaron nan ya koma daji, ba zai tambayi namu ba ran da zai dawo da bindiga.

To wa zai fara matsawa kusa da shi? A nan ma ba mu da ƙarancin misali. Da aka aiki Hananiya wurin Shawulu a Dimashƙu, sai da ya faɗa wa Ubangiji tsoronsa ƙarara, ya ce ya ji irin muguntar da mutumin ya yi wa tsarkaka, Ubangiji kuma bai hore shi don ya ji tsoro ba. Da Shawulu ya je Urushalima, almajirai duka suka guje shi, ba su yarda ya tuba ba. Ba a kira gwaurayen waɗanda ya jefa kurkuku aka ce su fara karɓarsa ba. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, mutumin da ake ji da shi a ikilisiya, wanda ya riga ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. Babba ne ya sa sunansa jingina. Iyayena, da girmamawa nake tambaya: a cikinku wa ya ɗauki tubabben ɗan daji aiki a gonarsa? Wa ya zaunar da shi a zaurensa ya ci tuwo da shi, jama'a na gani? In fasto da dattijo ba su iya ba, da wane baki za mu ce wa matar da ta binne 'ya'ya biyu ta iya?

Kuma kada a kawo shi gaban mutane hannu rabbana. Ba shi da shanun da zai mayar ninki huɗu, na sani. Amma yana da abin da ya fi shanu a wurin wasu iyalai: ya san wanda ke raye a daji da wanda ya mutu, ya san inda aka binne wane. Akwai uwayen da har yau ba su san ko su yi makoki ko su ci gaba da jira ba. Ya faɗi gaskiya a gaban dattawa, na coci da na masallaci, da lawan. Ya yi aikin damina a gonar wanda ya cuta, in mai gonar ya yarda, in bai yarda ba kada a tilasta masa, a yi a gonar gayya. Ku zauna da hukuma ku tsara wannan, kada ku bar kowane ƙauye ya yi ta lalube.

Sai 'yan matanmu da matanmu da aka sace, suka kuɓuta. Wata ta dawo ta tarar mijinta ya yi aure. Wata ta dawo da ɗa, ana nuna yaron da baki ana cewa jinin Boko Haram, sauran yara an hana su wasa da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na ji an zauna a wata majalisar dattawa ana muhawara ko sai an sa irin wannan mata a ƙarƙashin horo kafin ta ci Jibin Ubangiji, tun da ta furta kalmar wani addini a can. Da wuƙa a wuyanta ta furta. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, farkon wadda ta tsorata shi baranya ce, ba wuƙa ba bindiga. Da Yesu ya tashi, a bakin teku ya ba shi gurasa da kifi, ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa tumaki. Ina roƙonku ku fitar da matsaya a rubuce, a karanta a kowace majami'a, cewa matar da aka sace ba ta da abin tuba a kan abin da aka yi mata, ɗanta kuma ɗan ikilisiya ne kamar na kowa. Horon namu dama ya san inda yake faɗawa. Yarinyar talaka ta yi ciki, Lahadi mai zuwa an sanar da sunanta, ta koma bencin baya. Mai kuɗin da ya yi mata, in shi ya sayi kwanon rufin majami'a, sai a ce ana bincike. Yakubu sura 2 ta yi maganar mai zoben zinariya da kujerar gaba, ba sai na ƙara ba.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, ba zan yi kamar babu tsohon miki ba. Mutanen duwatsu ba su manta da farautar bayi ta Hamman Yaji na Madagali ba, wanda sai a 1927 Turawa suka tuɓe shi, kuma har yau akwai sunan raini da ake kiranmu da shi a kasuwa. Da Boko Haram ta zo tana ƙona majami'u, mikin ya fashe, wasu matasanmu suka fara kallon duk mai rawani da ido ɗaya. Wajibinku ne ku riƙa tuna musu abin da ya faru. A Fotokol, ran 4 ga Fabrairu 2015, har cikin masallaci aka bi mutane aka kashe. Bama-baman Marwa na Yuli 2015 sun tashi a babbar kasuwa da unguwar Barmare, ba su tantance mai salla da mai sujada ba. A ƙungiyoyin 'yan banga, Musulmi da Kirista tare suke kwana a bakin gari da kwari da baka. Rikicin Logone-Birni na 2021 kuma, tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, wanda ya kora dubban mutane suka haye Chadi, a kan ruwa ya tashi. Ina jin daɗin tarukan da kuke yi da limamai a Marwa, Allah ya ƙara. Sai dai taron otal da ruwan gora ba ya isa ƙauye. A ƙauye, abin da ake gani shi ne wa ya zo gaisuwar mutuwa, wa ya bari a ɗebi ruwa a rijiyar coci.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma ba na jin nauyin ambaton Baba Simon. Simon Mpeke mutumin kudu ne, daga wajen Edea, babban fada ne mai ikilisiya a Duwala, ya bar wannan duka ya zo Tokombere a 1959, lokacin da mutanen duwatsu ba su da daraja a idon kowa. Ya riƙa hawa duwatsun nan ba takalmi, yana zama da masu tsafin gargajiya yana sauraronsu, yana abota da Musulmi, ya buɗe makaranta don 'ya'yan da ba a ɗauka za su yi karatu ba. Ya rasu a 1975, a Mayu 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince a hukumance da nagartar rayuwarsa, mataki a hanyar ayyana shi waliyyi. Tsofaffin Tokombere ba wa'azinsa suke ba da labari ba, zuwansa gidajensu suke tunawa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Na san yau hanya ba ta da lafiya, na san an sace fada-fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchere a Afrilu 2014, ba na cewa ku jefa kanku a hannun mugaye. Amma Koza da Zamai da Minawao ana zuwansu. Masu sayar da albasa muna zuwa kowane mako.

Na san ku ma kuna da naku nauyin. Akwai fastocin ƙauye da aka ƙona musu majami'a da gida, suna zaune a ɗakin aro, wata da watanni ba albashi, su ma masu masauki ne da ba a biya ba. Ba da su nake ba. Da ku nake, masu zama a majalisa, masu sa hannu a kasafi. Baikon da ake tarawa a manyan majami'un Marwa da Garwa da Ngaundere, nawa ne a ciki yake isa gidan manomin da ke ciyar da iyali uku? Bulus ya bi ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya yana tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya kuma sa wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Ana gina sababbin majami'u masu bene, ana sayen manyan lasifika da ke hana unguwa barci, ban ce haramun ba ne. Amma ku ware kaso sananne, a faɗe shi a fili, don gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira: irin shuka kafin damina, buhun dawa a watan Agusta lokacin da yunwa ta fi tsanani, kuɗin makarantar yaran da suka ƙaru a gidan. A sa mata a cikin masu riƙon asusun, domin su suka san tukunyar da ba a ɗora ba. A karanta lissafi a gaban jama'a kamar yadda ake karanta sanarwar aure.

Ku kuma koya wa ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki yadda ake zama da mai makoki, da yadda ake sauraron matar da ba ta iya barci, kafin a koya musu yadda ake ɗaga murya. A kowace gunduma a sami mutum biyu ko uku, mace da namiji, da aka horar don wannan aiki, masu riƙe sirri.

Ina roƙon a sa waɗannan batutuwa a ajandar babban taronku mai zuwa, kowace ɗarika a nata, in ya yiwu kuma ku zauna tare sau ɗaya. Ku gayyato masu masauki biyu ko uku daga Koza da Mora, da gwauraye, da wakilan masu bi na Minawao, ku biya musu kuɗin mota, ku ba su lokacin magana da safe, kada a bari sai an gaji da yamma. Abin da kuka yanke, a aiko mana a rubuce da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a karanta a majami'u kafin shukar bana.

Ubangiji ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ɗanku cikin Almasihu,
wani dattijon ikilisiya daga yankin Mokolo, Mayo-Tsanaga.